Wakilin Gidan Nagoda

Ruwan sama ne ya koro ta cikin zaurensu. Yusha'u yana kan benci yana cusa tsumma inda kwano ke yoyo, sai ya ji sallama da murya mai rawar sanyi. Da ya waiwaya sai ga budurwa, hijabinta ya jiƙe sharkaf, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji.

"Don Allah nan ne gidan Inna Ishatu?"

"Nan ne."

Ya sauko, saura ƙiris bencin ya kife da shi. Malamin lissafi guda, wanda yara ke shiga taitayinsu da kallonsa kawai, ga shi nan ya rasa inda zai ajiye tsumman hannunsa.

Ta ce sunanta Surayya, tana karatun lauya a jami'a, harabar Kongo da ke nan Zazzau. Ƙungiyar matasan Tudun Wada ce za ta yi taro a watan Agusta don tunawa da hana cinikin bayi, ita aka ɗora wa zagaya tsofaffi. An ce mata Inna tana da labari.

Nan take fuskarsa ta canza. Maganar da ya fi tsana a duniya ke nan. Kowa a layin ya san asalinsu, amma ba a faɗa sai ranar faɗa.

"Wa ya ce miki tana da labari?"

Daga cikin gida aka amsa masa. "Kai Yusha'u, ka tsare baƙuwa a sanyi kana mata tambayar 'yan sanda? Shigo min da ita."

Inna Ishatu kakarsa ce, ita ta raine shi tun rasuwar mahaifinsa. Ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, amma bakinta garau. Ta ba Surayya busasshen zane, ta sa Yusha'u ya dama kunu, sannan ta fara ba tare da an roƙe ta ba.

Mahaifinta Nagoda yana yaro aka kama shi a duwatsun kudancin Zazzau. Igiya a wuya aka taho da shi. Kafin su iso an hana kasuwar bayi, sai fataken suka shigar da shi wani gida a cikin Birni ta ƙofar baya. Da ya girma aka yanka rago, aka yi masa aski, aka 'yanta shi, ya fito Tudun Wada ya gina wannan gidan.

"Ko ana tsananin zafi ba ya cire mayafi daga wuyansa," in ji Inna. "Tabon igiyar yake ɓoyewa. Har ya koma ga Allah bai tuna sunan uwarsa ba. Ni dai burina ɗaya, 'yar nan. In tsaya a gaban mutane in kira sunan babana da ƙarfi, a ce Allah ya jiƙansa."

Surayya ta share hawaye da gefen zanen. "Za ki faɗa, Inna. Ni zan riƙe miki makirfo."

"Allah ya yi miki albarka. 'Yar gidan wa ce ke?"

"Alhaji Kailani na unguwar Gyallesu. Mun daɗe a Kaduna, bara muka dawo."

Inna ta ce mata ta sha, kunun zai huce. Ta gane. Gidan nan na cikin Birni da aka shigar da Nagoda gidan Malam Sabo ne, Kailani kuwa jikansa ne, ita ta goye shi yana jinjiri lokacin da aka aika ta aikin jego. Ta dubi jikanta, ta ga yadda yake satar kallon yarinyar, sai ta haɗiye maganar.

Shi ya raka ta bakin titi da lema. Lemar ma rabinta a karye, ya bar mata mai kyan, kafaɗarsa ta sha ruwa. Bayan ta hau Keke Napep saƙo ya shigo wayarsa.

"Malam, na gode da lema. Ka yi haƙuri na taɓo abin da ba ka so."

Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, daga ƙarshe ya tura: "Ba komai, 'Yar Kongo. Inna ta ce kin bar zanenki a kan igiya. Dole ki dawo."

Ai kuwa ta dawo. Ta sake dawowa. Wai aikin taro take, alhali tsofaffin Tudun Wada ba su ƙare a gida ɗaya ba. Shi kuma mai cewa ya tsani tarihi, sai ga shi yana rakiya har Tudun Jukun, yana riƙe mata jaka, yana tambayar tsofaffi abin da ita ta manta ba ta tambaya ba.

Wata yamma a zaure ya ce mata, "Surayya, kin san ko ni wane ne. Kin ji daga bakin Inna. Ba na so ki so ni don tausayi."

"Malamina, in tausayi ne ai da Inna zan aura." Ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai. "Ina sonka. Ban san yadda zan ƙawata maganar ba."

"Kar ki ƙawata, sanyin idona. Haka nan ta ishe ni."

A makon ya saya wa Inna sabuwar atamfa ta ranar taro. Ya ce shi da kansa zai kai ta, ya zauna a layin gaba, duk mai kallo ya kalla.

To, akwai wata al'ada a gidan. Tun daga kan Nagoda, babu namijin gidan da ya taɓa nema wa ɗansa aure da bakinsa ko ya ba da 'yarsa. Gidan Malam Sabo ke nema musu, su ke karɓa, su ke bayarwa, in an yi rasuwa su ke aiko da likkafani. An ce zumunci ne. Zumuncin da gefe ɗaya kullum ke durƙushe.

Don haka da Yusha'u ya ce yana so manya su shiga maganar, Inna ta ƙulle goro a gefen zane ta nufi Birni wajen Malam Isiyaku, yayan Kailani, wanda shi ne babba a gidan yanzu. Tun daga ƙofar zaure ta cire takalmi. Ta girme shi nesa ba kusa ba, amma ita ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, yaronku ya ga mata."

"Madalla, Ishatu. A ina za mu je masa?"

"Gyallesu. Surayya ta wajen Kailani."

Malam Isiyaku ya ajiye carbinsa.

"Ishatu, kin tsufa ne ko me? Ni ne wakilinku. In tashi in je gidan ƙanina in roƙi 'yarmu wa jikan Nagoda? Mu ba ma wulakanta ku, kin sani. Amma kowa ya tsaya inda ya tarar da iyayensa."

Ta ɗauki goronta ta dawo. A ranar Yusha'u ya san gidan da Surayya ta fito, a ranar ita ma ta san wanda ya sayi Nagoda. Saƙonta ya zo da la'asar.

"Malamina, wallahi ban sani ba. Kunya ta hana ni kiranka. Kakan babana ne. Ban san da wane ido zan kalli Inna ba."

"Ba ke kika riƙe igiyar ba," ya amsa. "Ki zo. Tana tambayarki."

Amma an hana ta zuwa. Ta daina cin abinci, ta rame, karatun ma ya gagara. Alhaji Kailani mutum ne mai son 'yarsa, sai dai yana tsoron bakin dangi fiye da yadda ya kamata dattijo ya ji. Ya nemi hanyar da zai ba da 'ya bai ɓata wa kowa ba. Ya daidaici lokacin da Yusha'u ke makaranta, ya yi sallama a gidan Nagoda.

"Inna, zan ba shi Surayya," ya ce, idonsa a kan tabarma. "Zan shawo kan Yaya. Amma ki janye daga taron nan. In kika faɗi labarin a lasifika, ko ba ki kira sunan gidanmu ba kowa zai gane. A bar maganar ta kwanta. Kuma kar yaran su ji."

"Sunan babana kawai nake so in kira, Kailani."

"Na sani, Inna. Ki yi haƙuri."

Ta dubi atamfar da ke ninke a kan akwati. Ta daɗe tana dubanta.

"Na yarda. Ka ba shi."

Da hannunta ta sa aka kira mata Surayya a waya, ta ce jikinta ba ƙarfi, a cire ta daga masu magana. Surayya ta roƙa, Inna ta ƙi. Dole ta gaya wa sakataren ƙungiya ya cire sunan.

Sakataren nan kuwa Adnan ne, ɗan Malam Isiyaku, wanda ya daɗe yana ganin Surayya tasa ce tun da 'yar gida ce. Ya tare Yusha'u a bakin masallaci, yana murmushin da ba na alheri ba.

"Malam, ka ji an cire tsohuwa? Surayya ce ta ce in cire. Ka san mata, yanzu da aka gane gidansu ne, ba za ta so a tona a bainar jama'a ba."

Yusha'u ya juya ya bar shi a wurin. Ya je gida ya tambayi Inna, ta ce ita dai ta gaji, ta juya fuska bango. Sai ya ɗauka rufa wa Surayya asiri take. Zuciya ta ɗebe shi ya rubuta:

"Ke kika ce a cire Inna?"

"Ni ce na gaya wa Adnan, amma ka bari in maka bayani."

"Ba sai kin yi ba. Kin ce za ki riƙe mata makirfo. Ashe sai in labarin gidan wasu ne."

"Malamina, kar ka yi min haka. Abba ya amince da aurenmu, yau ya faɗa. Ka ɗaga wayata don Allah."

Bai ɗaga ba. Abin da ya yi ta roƙon Allah a kai ya samu, ga shi yana zaune a zaure kamar wanda aka yi wa mutuwa. Gaskiya Yusha'u yana da taurin kai, kuma ya sha wahalarsa a kwanakin nan, don son bai ragu ba ko kaɗan.

Zazzaɓi ya kama Inna ana saura kwanaki taro. Tun tana cewa na damina ne har ta daina gane mutane. Surayya ta ji labari, ba ta nemi izinin kowa ba ta taho. Ta tarar da shi a gefen gado yana jiƙa wa tsohuwar goshi. Bai ɗago ba, ita kuwa ta zauna ta kama ƙafafun Inna tana matsawa.

Can Inna ta buɗe ido, ta kamo hannun Yusha'u, tana kallonsa ba shi take gani ba.

"Kailani, na yi shiru. Ka gani ban je ba. Ban gaya wa yaran ba. To ka ba shi, ka ji? Ka ba marayan nan."

Yusha'u ya ɗago a hankali ya dubi Surayya, ya ga ita ma yanzu take ji. Ta toshe baki da hijabi, kafaɗunta na rawa.

"Surayya," ya ce. "Na zalunce ki."

"Bar wannan. Dubi abin da ta saya mana auren da shi."

Washegari da hantsi Inna Ishatu ta cika. Kafin azahar likkafani ya iso daga Birni. Baffa Sadiq, ɗanta da ya rage, tela ne mai furfura, shi ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu yana godiya, kamar yadda ya ga ana yi tun yana yaro. Yusha'u ya kau da kai, hawaye na bin gemunsa. Atamfar tana kan akwati, ko ɗinka ta ba a yi ba.

Surayya ta sami mahaifinta a falo bayan an dawo daga maƙabarta. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta durƙusa a gabansa.

"Abba, Inna ta cika maka alkawari. Ta tafi da bakinta a rufe."

Ya kau da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Ina son Yusha'u, Abba, Allah ya sani. Amma ba zan iya shiga ɗakin da aka biya da shirunta ba. Ranar taro zan faɗi abin da ta so faɗa. In ka janye auren, ba zan yi maka musu ba."

"Kin san abin da kike shirin jawo mana?"

"Na sani. Ka yafe min."

Ta tura wa Yusha'u saƙo: "Zan yi magana ranar Asabar. Mai yiwuwa mu rasa juna. Ka amince?"

Ya amsa: "Na amince, sanyin idona. In na rasa ki zan yi kuka har in tsufa. Amma ki faɗa."

An yi taron a filin wata firamare, ƙarƙashin rumfunan haya, hadari na haɗuwa ta gabas. Malamai daga jami'a suka yi jawabi, wani dattijo ya ba da labarin hanyar fatake, wata Madam Immaculata mai shago a unguwar ta faɗi abin da kakarta ta gaya mata game da waɗanda aka kai bakin teku. Sannan Surayya ta karɓi makirfo.

"Wadda ya kamata ta tsaya a nan ta rasu. Sunanta Ishatu. Sunan mahaifinta Nagoda."

Ta faɗi duwatsun, ta faɗi igiyar, ta faɗi mayafin da ba ya cirewa, da uwar da ya manta sunanta. Sannan ta ja numfashi.

"Gidan da ya saye shi gidanmu ne. Malam Sabo kakan mahaifina ne."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Adnan ya miƙe yana yi wa mai lasifika alama ya kashe, wani daga baya ya ce a sauke yarinyar nan ta daina zubar da mutuncin iyayenta. Sai aka ga wani dattijo ya taso daga can ƙarshen rumfa, inda ba wanda ya lura da zuwansa. Alhaji Kailani ne. Ya tako har gaba ya tsaya kusa da 'yarsa, bai karɓi makirfo ba, amma an ji shi.

"Ku bar ta. Gaskiya ta faɗa. Ishatu ce ta goye ni." Ya ɗaga hannuwansa. "Jama'a, ku taya ni. Allah ya jiƙan Nagoda. Allah ya jiƙan Ishatu."

Amin ɗin ta fara a hankali, sannan ta cika filin. Yusha'u yana layin gaba, kusa da kujerar da ba kowa a kai, ya kifa fuska a tafin hannunsa ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. An kira sunan da ƙarfi. Mai son ji ce ba ta nan.

Bayan kaka aka sa ranar aure. Malam Isiyaku ya aiko cewa ba zai zo ba, ba kuma zai yi wakilci ba, har yau bai taka gidan ƙaninsa ba. Alhaji Kailani ya ce shi zai ba da 'yarsa da kansa. Da aka tambayi Yusha'u wa zai karɓa masa, ya ce yana da baffa.

Ranar ɗaurin auren, ƙofar gidan Gyallesu ta cika. Liman ya ce, "Ina wakilin ango?"

Baffa Sadiq ya matso cikin babbar rigar da ya ɗinka wa kansa. Saura kaɗan ya durƙusa, Alhaji Kailani ya riƙo hannunsa ya zaunar da shi a kan darduma, gwiwa da gwiwa. Baffa ya buɗe baki, ya rufe. Ya halarci ɗaurin aure ba adadi, amma kullum daga bayan taro, inda ba a jin abin da manya ke faɗa.

"Malam," ya ce wa liman a hankali, "ban san yadda ake cewa ba. A gidanmu ba wanda ya taɓa faɗa."

Ba wanda ya yi dariya. Liman ya sunkuyo ya ce, "Ka ce kana nema wa ɗanka."

Baffa ya goge ido da hannun riga. "Ni Sadiq, jikan Nagoda, ina nema wa ɗana Yusha'u auren 'yarka Surayya."

"Na ba ɗanka," in ji Alhaji Kailani. "Na ba shi, kuma na gode da ka nema."

Aka shafa fatiha. Yusha'u ya zaro waya ya rubuta: "An ɗaura, matata. Baffa ya faɗa da bakinsa."

Amsa ta zo daga cikin gida, inda mata suka fara guɗa: "Alhamdulillah, mijina. Ina murna, ina kuka. Da ma Inna ta ji."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, wadda za ta san sunayen kakanninta duka biyun. Allah ya kai haske kabarin Inna Ishatu.